Abota Tsakanin Maci da Abin Ci: Nazarin Abin da Ke Jan Hankalin Yara a Labaran Kasadar Dabbobi

Tsakure

Labaran da taurarinsu dabbobi ne da suka ƙulla abota, suka faɗa haɗari tare kuma suka fita tare, suna cikin mafi daɗewa da yaɗuwa a adabin yara. Sau da yawa nazarin da ake yi musu kan tsaya ga fito da jigo, a ce labarin yana koyar da zumunci ko taimakon juna, ba tare da an bayyana dalilin da ya sa yaro ke roƙon a maimaita masa shi ba. Wannan maƙala ta ɗauki babin kurciya da ɓera da hankaka da kunkuru da barewa na littafin Kalila wa Dimna a matsayin ma'auni, ta gwada shi da tatsuniyoyin Gizo da Magana Jari Ce da wasu littattafan yara na Ingila da Amurka. Maƙalar ta nuna cewa ƙarfin irin waɗannan labarai yana cikin karon da ake haddasawa tsakanin halin da aka san dabba da shi da alƙawarin da ta ɗauka wa abokinta, kuma jan hankalin yaro daban yake da sauya masa ɗabi'a.

Fitilun Kalmomi: adabin yara, mutuntarwa, abota, tatsuniya, Kalila wa Dimna

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama kusa da tabarmar da ake yi wa yara tatsuniya ya san cewa da an ambaci kura ko Gizo sai fuskoki su sauya, tun kafin a faɗi abin da suka aikata. Haka abin yake a ɗakunan karatun yara na wasu ƙasashe, inda littattafan da dabbobi ke magana a cikinsu suka mamaye kantoci. Manazarta adabin Hausa sun saba kiran wannan dabara da mutuntarwa, wato a ba abin da ba mutum ba siffa da aikin mutum. Sanya wa dabarar suna bai warware tambayar da ke ƙarƙashinta ba: me ya sa labarin abokai biyu 'yan Adam ba ya kama yaro kamar yadda labarin ɓera da hankaka ke kama shi?

Tambayar tana da muhimmanci ga masu rubuta wa yara da Hausa. Hirar dare ta ragu a birane, talabijin da wayar hannu sun karɓi wani kaso na lokacinta, kuma mafi yawan dabbobin da yaro Bahaushe ke gani suna magana a yau ba da harshensa suke yi ba. Marubucin da ke son cike wannan giɓi, idan ya ɗauka cewa darasin da ke ƙarshen labari shi ne abin da yara ke so, zai rubuta wa'azi ne ya sanya masa fatar dabba.

2.0 Labarin da Aka Ɗauka da Doguwar Tafiyarsa

Asalin labarin daga ƙasar Indiya yake, a littafin Panchatantra da aka rubuta da harshen Sanskirit, inda shi ne kashi na biyu daga cikin kashi biyar, mai magana a kan samun abokai. A ƙarni na 6, zamanin Sarki Kisra Anushirwan, likitan fadarsa Burzuwaihi ya fassara littafin zuwa tsohon harshen Farisa. Wajen shekarar 750 Abdullahi Ibn Muƙaffa ya mayar da shi Larabci da sunan Kalila wa Dimna, kuma daga wannan fassara ya bazu zuwa harsuna masu yawa, har mawallafin Faransa La Fontaine ya sake ƙera labarin hankaka da barewa da kunkuru da ɓera cikin waƙa a ƙarshen ƙarni na 17. A ƙasar Hausa littafin sananne ne ga ɗaliban Larabci, kuma masana sun lissafa shi cikin littattafan da Abubakar Imam ya ɗebo daga gare su wajen rubuta Magana Jari Ce.

Tun daga tushe an yi littafin ne da tunanin masu ƙananan shekaru. A Panchatantra, wani malami ne ya ɗauki alƙawarin koya wa 'ya'yan sarki uku, waɗanda karatu ya gagara, dabarun mulki cikin wata shida ta hanyar labaran dabbobi. Ibn Muƙaffa ma a gabatarwarsa ya bayyana cewa ɗaya daga cikin dalilan ɗora maganar a bakin dabbobi shi ne a jawo matasa masu son raha su rungumi karatun.

Ga yadda babin yake a taƙaice. Wani hankaka yana kan bishiya ya ga maharbi ya shimfiɗa raga ya watsa hatsi. Garken kurciyoyi ya sauka, ragar ta rufe su, kowace ta shiga fafutukar ceton kanta. Shugabarsu ta umarce su da su tashi gaba ɗaya, suka ɗaga ragar sama, suka nufi ramin wani ɓera amininta. Da ɓeran ya fara gaigayar igiyar da ta ɗaure ta sai ta hana shi, ta ce ya fara da na sauran, domin in ya fara da ita zai iya gajiya ya bar su, amma in ita ce ta ƙarshe ba zai yarda ya bar ta a ɗaure ba komai gajiyarsa. Hankakan da ya biyo su ya ga wannan, sai ya nemi ɓera da abota. Bayan doguwar muhawara ɓera ya amince. Daga baya hankaka ya ɗauke shi ta wutsiya ya kai shi bakin tafkin da abokinsa kunkuru yake zaune, sannan wata barewa da ta tsero daga mafarauta ta zama ta huɗunsu. Wata rana barewa ta faɗa tarko. Hankaka ya gano inda take, ɓera ya zo ya yanke igiya, kunkuru ma ya lallaɓo ya iso. Maharbi ya bayyana, kowa ya tsere sai kunkuru, aka kama shi aka ɗaure. Sai ɓera ya tsara dabara: barewa ta kwanta a gaban maharbi kamar mai rauni, hankaka ya sauka a kanta kamar yana cin ta, maharbi ya ajiye kunkuru ya bi ta, tana ja masa rai tana nisanta shi, ɓera kuwa ya gaigaye ɗaurin. Da maharbi ya dawo ya tarar da igiyoyinsa a yanke, sai ya ɗauka ƙasar aljannu ya shigo, ya gudu bai sake komowa ba.

3.0 Inda Ƙarfin Labarin Yake

3.1 Halin da Aka Riga Aka Sani

Abu na farko da dabba ke ba mai labari shi ne rangwamen bayani. Tauraro ɗan Adam sai an gabatar da shi, an faɗi iyayensa da halinsa, kafin mai sauraro ya san inda zai ajiye shi. Dabba kuwa da halinta take shigowa. Yaro ɗan shekara biyar ya san hankaka na tashi sama, kunkuru ba ya sauri, ɓera na gaigaya, barewa na gudu. Wannan sani da ya riga ya mallaka shi ke mayar da shi abokin aikin mai labari, domin da barewa ta faɗa tarko zai iya hango wanda ya dace a kira tun kafin a faɗa masa. Daɗin da yaro ke ji idan hasashensa ya tabbata wani babban kaso ne na abin da ke sa ya nemi maimaici. Masanin al'adun nan na Faransa, Claude Lévi-Strauss, ya nuna a littafinsa na 1962 a kan alaƙar al'ummu da dabbobin da suke danganta kansu da su cewa amfanin dabbobi ga tunani ya fi amfaninsu ga ciki. Bambance-bambancen da ke tsakaninsu a fili suke, don haka suna da sauƙin aro wajen fayyace bambance-bambancen da ke tsakanin mutane.

Akwai kuma tazarar da dabba ke samarwa. Babin kurciya cike yake da yunwa da kamu da barazanar mutuwa. Da a ce yara ne aka ɗaure a raga, da labarin ya fi ƙarfin mai sauraro. Fatar dabba tana ba yaro damar ya leƙa abin tsoro daga inda ba zai cutu ba.

3.2 Gardamar Ɓera

Zuciyar babin ita ce muhawarar ɓera da hankaka, kuma a nan ne ya kamata manazarci ya daɗe. Ɓera bai karɓi tayin abota da murna ba. Ya tsaya cikin raminsa, wanda aka ce ya yi masa ƙofofi ɗari saboda tsoro, ya tuna wa hankaka cewa shi maci ne, shi kuwa abin ci. Ya rarrabe ƙiyayyar asali gida biyu: wadda ɓangarorin biyu ke iya cutar da juna, kamar ta zaki da giwa, da wadda cutarwar ke fitowa daga gefe guda kawai, kamar tasa da kyanwa ko da hankaka. Ya kawo misalin ruwa, wanda komai daɗewar da ya yi a kan wuta yana tafasa, in aka zuba shi a kanta sai ya kashe ta. Wannan ita ce hujjar da Bahaushe ke taƙaitawa da cewa hali zanen dutse.

Hankaka bai musanta cewa shi maci ba ne. Abin da ya yi shi ne ya auna riba: cin ɓera ƙoshin yini guda ne, abotarsa kuwa abin dogaro ce na tsawon rai, kamar yadda ya gani da idonsa a kan kurciya. Ko bayan ɓera ya amince, sai ya tsaya a bakin rami bai ƙarasa fitowa ba, ya ce ya yarda da wannan hankaka amma bai yarda da sauran hankaki ba. Sai da hankaka ya yi alƙawarin raba gari da duk ɗan'uwansa da zai cuci ɓera sannan aka gama ƙulla amana.

Abin lura shi ne labarin bai taɓa cewa hankaka ya daina zama hankaka ba. Barazanar tana nan kwance a ƙarƙashin kowane shafi. Lokacin da ya ɗauki ɓera ta wutsiya ya tashi da shi sama, siffar abin da ido ke gani ita ce siffar farauta, ma'anarsa kuwa taimako ce. Haka nan a dabarar ƙarshe, hankaka ya sauka a kan barewa yana kwaikwayon cin ta domin ya ceci kunkuru. Wato an mayar da mugun sunan da aka san shi da shi makamin ceto, maharbi ya ruɗu ne saboda ya yarda da abin da kowa ya sani game da hankaka. Wannan juyi shi ne ƙololuwar fasahar babin. Yaron da ke sauraro yana riƙe da sani biyu a lokaci guda, abin da dabbar take da abin da ta zaɓa ta yi, kuma tsakanin waɗannan biyu zullumin labarin ke rayuwa.

Dalilin da ya sa wannan ke taɓa yaro ba ɓoyayye ba ne. Iyaye da yayye da ƙanne ba zaɓarsu ake yi ba, tarar da su ake yi. Aboki shi ne dangantaka ta farko da yaro ke ƙullawa da kansa, kuma ita ce ta farko da za ta iya warwarewa. Tambayar ɓera, wato yaya za a amince da wanda ya fi ƙarfi kuma yake iya cutarwa, ita ce tambayar duk ƙaramin yaron da ya shiga makarantar allo ko ta boko ya tarar da manya. Al'adar Hausawa ma ta ɗauki abota da nauyi har ta yi mata tsari. Littafin Baba of Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954 ya bayyana yadda mata ke ƙulla ƙawance da musayar kyauta da wajibai sanannu a lokutan biki. Wasan barkwanci da ke tsakanin wasu al'ummu, kamar Fulani da Barebari, shi ma wani salo ne na zama da wanda ba naka ba cikin aminci ba tare da an share bambanci ba.

3.3 Matsalar Kunkuru

Cikin abokan huɗu, uku suna da baiwar da ke da amfani a lokacin haɗari: ido da fiffike, haƙori, da gudu. Irin wannan rabon aiki ya zama ginshiƙin labaran kasada na yara har yau. A littafin Watership Down na Richard Adams, wanda ya fito a 1972 bayan ya faro a matsayin labarin da marubucin ke ba 'ya'yansa mata a mota, zomayen da suka baro gidansu sun yi jinyar wani tsuntsun teku mai rauni, daga baya ya zama mai leƙo musu asiri daga sama, aikin da hankaka ya yi ƙarnuka da dama kafin nan.

Kunkuru ne ya ɓata wannan lissafi. Zuwansa wurin tarko bai ƙara komai ba sai matsala, kuma barewa ta faɗa masa haka ƙarara: in maharbi ya zo ita za ta gudu, ɓera zai shige rami, hankaka zai tashi, shi fa? Amsar kunkuru ita ce rayuwa ba ta da daɗi bayan rabuwa da masoya. Ta fuskar dabara kuskure ya yi, kuma kuskuren ya jawo kama shi. Amma ba don wannan kuskure ba da babin ya tsaya a matsayin darasin haɗin kai don riba, irin wanda 'yan kasuwa ma za su amince da shi. Kunkuru ne ya tilasta wa sauran su sa rayukansu cikin haɗari saboda wanda ba zai iya rama musu da komai ba. Ga yaro, wanda a gidansu shi ne mai tafiyar hawainiya da ake jira a hanya, wanda ake cewa ya koma gida kada ya ja wa mutane, babu tauraron da ya fi kunkuru kusa da shi. Labarin yana tabbatar masa cewa za a dawo a ɗauke shi.

Ana ganin wannan tsari a The Wind in the Willows na Kenneth Grahame, na shekarar 1908, inda kwaɗo mai girman kai da son motoci ke jefa kansa cikin masifa har gidan yari, abokansa uku kuma ba su yar da shi ba, sai da suka taya shi ƙwato gidansa daga waɗanda suka mamaye shi.

4.0 Gizo da Ɗaya Fuskar Abota

Idan aka juyo ga tatsuniyoyin Hausa da aka taskace, tun daga Magana Hausa na J. F. Schön a 1885, da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar mai juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, da tarin R. S. Rattray da na A. J. N. Tremearne a 1913, har zuwa Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya a farkon shekarun 1970, za a ga cewa tauraron da ya fi fice cikin dabbobi ba amintaccen aboki ba ne. Gizo ne, mai tsamin baki da haɗama, wanda abota a wurinsa tsani ce ta kaiwa ga abinci.

Tatsuniyar Gizo da hankaki misali ce mai kyau, domin kusan kishiyar babin kurciya ce. Ana yunwa, hankaki suna zuwa cin ɓaure a wata bishiya da ke tsakiyar ruwa. Gizo ya lallashe su, kowane ya ara masa gashi, ya tashi tare da su. Da aka isa sai ya riƙa hana su ci, duk ɗan ɓauren da suka nufa ya ce shi ya fara gani. Suka karɓe gashinsu suka bar shi, ya faɗa ruwa, ya tarar da kadoji ya yi musu ƙaryar dangantaka, suka karɓe shi, ya saka musu da cinye ƙwansu. A nan ma akwai tashi sama da taimakon tsuntsu, akwai haɗari, akwai baƙon da aka amince da shi. Bambancin shi ne hali ya rinjayi alƙawari. Haka yake a labarin da Gizo ya haɗa giwa da dorina jan igiya, kowace tana zaton da shi take ja.

Kuskure ne a ɗauka cewa waɗannan tatsuniyoyi ba su shafi abota ba. Suna koyar da ita ta bayan gida, ta hanyar nuna yadda ake cin amana da yadda mai ruɗi ke magana. Yara suna dariyar Gizo, suna kuma jin daɗin yadda ƙaramin abu ke wasa da hankalin manyan dawa, amma sun san ba a ba shi ajiya. Shi kansa Kalila wa Dimna haka ya jera babukansa: kafin babin kurciya akwai babin zaki da sa, inda dila Dimna ya shiga tsakanin aminai biyu da annamimanci har zaki ya kashe sa. Sai bayan an ga yadda abota ke rushewa sarki ya nemi a ba shi misalin 'yan'uwan gaskiya. Ma'anar wannan ga nazarin Hausa ita ce, yaron da ya tashi da Gizo ya fi kowa shirin fahimtar tsoron ɓera, domin ya san abin da kan biyo bayan daɗin baki.

A rubutaccen adabi, Magana Jari Ce, wanda ya fito tsakanin 1937 da 1939, ya kawo wani nau'in: abota tsakanin yaro da dabba. Aku ne ya tsare Musa ɗan sarki da labarai dare bayan dare domin kada ya fita ya faɗa makircin waziri, alhali sarki yana wurin yaƙi. Tsuntsun da aka saya ya fi babban bafade amana, kuma makaminsa ɗaya ne, baki. Dabba mai magana kuwa ba baƙuwa ba ce ga yaron da ya yi karatun allo, tun da ya ji labarin tururuwa da alhudahuda tare da Annabi Sulaiman a Suratun Namli.

5.0 Jan Hankali Daban, Tarbiyya Daban

Akwai wani zato da ya zama ruwan dare, cewa tun da yara na son labaran dabbobi, to su ne hanya mafi kyau ta cusa musu ɗabi'a. Wani bincike da Nicole Larsen da Kang Lee da Patricia Ganea suka gudanar a Jami'ar Toronto ta Kanada, wanda mujallar Developmental Science ta fitar a intanet a 2017, ya sanya alamar tambaya a kan wannan zato. An ɗauki yara 96 masu shekara 4 zuwa 6, aka raba su kashi uku. Kashi na farko an karanta musu labari a kan rabon abu da wasu wanda taurarinsa dabbobi ne, na biyu aka karanta musu labarin nan dai amma da hotunan mutane, na uku aka karanta musu littafi a kan irin shuka. Kafin karatun da bayansa an ba kowane yaro sitika, aka ba shi damar ya bar wa wani yaron da bai sani ba. Waɗanda suka ji labarin da taurari mutane ne kaɗai suka ƙara yawan abin da suka bayar.

Bai kamata a ɗora wa wannan sakamako kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Karatu ne na zama ɗaya, da ma'auni ɗaya, a cikin al'umma ɗaya, kuma littafin hoto daban yake da tatsuniyar da kaka ke yi da murya da waƙa da amshi. Duk da haka ya yi daidai da abin da aka gani a sama. Tazarar da ke ba yaro damar kallon abin tsoro ba tare da firgita ba, ita ce kuma ke iya hana shi ɗaukar darasin a matsayin nasa. Abin da labarin dabba ke bayarwa ya fi kama da filin gwaji, inda yaro ke juya tambayoyin amana da tsoro da rauni a zuciyarsa, fiye da umarnin da zai tashi ya aiwatar. Manazarcin da ya rubuta cewa jigon labari taimakon juna ne ya wuce, ya faɗi gaskiya, sai dai ya bar muhawarar bakin rami da kuskuren kunkuru, waɗanda su ne labarin.

6.0 Idan Dabbobin Suka Shigo Hausa

Tun da ƙarfin labarin ya dogara ga halin da aka riga aka san dabba da shi, to fassara ko aro ba sauya kalmomi kawai ba ne, domin sunan da dabba ta yi a wata al'umma ba shi ne ta yi a wata ba. Charlotte's Web na E. B. White, wanda ya fito a Amurka a 1952, labarin gizo-gizo ce da ta ceci abokinta daga yanka ta hanyar saƙa kalmomin yabonsa a yanarta, ta mutu bayan ta cika aikin. Ga yaro Bahaushe, sunan gizo kaɗai ya isa ya sa shi jiran yaudara, abokin da ake ceta kuma alade ne, dabbar da ba ta da gurbin tausayi a tarbiyyar Musulmi. Mujiya, wadda adabin Turai ke ba rigar hikima, a nan tsuntsuwar camfi ce da sauran tsuntsaye ke tsangwama. Kura ce kaɗai ta yi sa'ar rashin sa'a: yadda fim ɗin The Lion King na 1994 ya nuna ta, da haɗama da wauta da tsoro, haka tatsuniya ta daɗe da saninta.

Taurarin babin kurciya su ma ba za su shigo Hausa hannu sake ba. Ɓera, wanda shi ne mai hikima da dabara a labarin, a bakin Bahaushe ɓarawo ne, har akan kira mai ɗan hali da sunansa. Kurciya tana ɗauke da wata ma'ana ta daban, ta sihirin da ake cewa yana raba mutum da garinsu. Barewa ta zo daidai, tun da an san ta da gudun da ɗanta ba ya rarrafe. Kunkuru ma karin magana ta riga ta zana shi a matsayin mai son dambe da ba shi da yatsa, wanda shi ne ainihin halin da ya shiga a bakin tarko. Hankaka kuwa kirarinsa shi ne mai da ɗan wani naka. Ana faɗar wannan kirari da zargi, ana nufin mai ƙwace abin da ba nasa ba. Amma a labarin da hankaka ya yi alƙawarin barin danginsa saboda ɓera, ya ɗauke shi ya kai shi cikin abokansa, kirarin yana iya ɗaukar ma'ana ta biyu wadda babu ita a Larabcin Ibn Muƙaffa ko a Sanskirit. Mai sauraro Bahaushe zai shiga muhawarar bakin rami yana zargin ɓangarorin biyu, ɓarawo a ciki, mai ƙwace a waje, kuma zai fi mai karatun Larabci jinkirin yarda cewa ɗayansu zai cika alƙawari.